Barazanar nukiliya

Barazanar nukiliya ita ce ƙasa ta riƙa ambaton bam ɗinta na ƙare-dangi, ko ta gwada shi a fili, domin tsorata abokiyar gaba da kwantar da hankalin 'yan gida. Galibi farfaganda ce, domin tun harin Amurka a Hiroshima da Nagasaki a 1945 ba a sake jefa makamin a yaƙi ba.

Ƙasashe maƙwabtan juna kan yi wannan cika-baki. A Mayun 1998 Indiya ta yi gwaji a Pokhran, kafin watan ya ƙare Pakistan ta rama a tsaunukan Chagai. Ranar 27 ga Fabrairu 2022, kwana uku da kutsawa Ukraine, Shugaba Putin na Rasha ya umarci dakarun nukiliyarsa su zauna cikin shirin ko-ta-kwana.

Ƙasar Hausa ma ta ɗanɗana fargabar. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane a Saharar Aljeriya, ana cikin hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙurar hamada zuwa Kano da Dutse. An ji tsoron gubar za ta biyo hazo. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Balewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961.

Yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta makaman nukiliya a Afirka, ta fara aiki a 2009, kuma Najeriya na cikinta.