Sulke da Kwalkwalin Dakarun Rum: Matsalar Daidaita Kaya da Zamani

Tun daga shekarar 1972, lokacin da aka kafa ƙungiyar Ermine Street Guard a Ingila, ƙungiyoyin masu kwaikwayon tarihi suka yi ta yaɗuwa a Turai. Aikinsu shi ne su ƙera kayan yaƙin Rumawa, su sanya, su fita fili domin ɗalibai da 'yan kallo su gani da ido. Wannan maƙala za ta dubi babbar matsalar da ke gabansu, wato wane sulke ne ya dace da wane kwalkwali, kuma a wane zamani. Abin da ɗalibi ya gani a fili ya fi abin da ya karanta zama a zuciyarsa, saboda haka kuskuren mai kwaikwayo ba ƙarami ba ne.

Siffar da kowa ya sani, ta dakare sanye da sulken falle-fallen ƙarfe, ba ta wuce kimanin ƙarni uku ba a cikin dogon tarihin Rum. A ƙarni na 2 kafin Miladiyya, masanin tarihi Polibiyus ya bayyana cewa yawancin dakaru ɗan faifan tagulla suke ɗaurawa a ƙirji, sai wanda dukiyarsa ta haura dirhami 10,000 ne ke sanya sulken zobba, wanda Rumawa suka koya daga Kaltawa. Wannan shi ne ainihin abin da Bahaushe ke kira sulke, irin wanda Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ya shigo da shi tare da lifidi da kwalkwali. Abokin tafiyarsa a wancan zamani shi ne kwalkwalin tagulla mai ƙulli a ka, wanda masana ke kira Montefortino, da sunan wata maƙabarta a Italiya. Daga baya aka sami samfurin Coolus, da sunan wani ƙauye a Faransa. Wanda duk ya fito da sojan Yuliyas Kaisar, wanda aka kashe a shekara ta 44 kafin Miladiyya, cikin sulken falle-falle, ya sanya masa abin da babu wata shaidar cewa ya taɓa gani.

Shi sulken falle-fallen, ko sunan da aka san shi da shi, lorika segmentata, ba Rumawa ne suka raɗa ba, masanan Turai ne na ƙarnonin baya. An daɗe ba a san yadda ake harhaɗa shi ba, sai a 1964 da aka tono wani akwati a Corbridge, arewacin Ingila, ɗauke da gutattsarinsa, har da ragowar igiyoyin fatar da ke riƙe da su ta ciki. Da wannan H. Russell Robinson ya sake gina shi, kuma a littafinsa na 1975 ya karkasa kwalkwalan daular zuwa na ƙirar Gal da na ƙirar Italiya, kowanne da harufansa. Sa'an nan tonon da aka soma a Kalkriese ta Jamus a ƙarshen shekarun 1980, inda akasarin masana ke ganin nan aka hallaka rundunoni uku na Barus a shekara ta 9 Miladiyya, ya nuna cewa tun zamanin Agustas ake sanya shi. Ke nan samfuri uku ake da su: na Kalkriese, na Corbridge wanda ya mamaye ƙarni na 1, da na Newstead mai manyan maɗaurai, na ƙarni na 2. Ɗora kwalkwalin ƙarni na 2 a kan sulken Kalkriese daidai yake da bai wa mayaƙin zamanin Shehu bindigar Yaƙin Duniya.

Sai dai tsananta wannan karkasawa shi ma yana kai wa ga wani kuskuren. Ginshiƙin Tirajan da ke birnin Rum, wanda aka ƙaddamar a 113, ya nuna dakarun runduna duk cikin falle-falle, sojojin taimako kuwa cikin zobba, kamar an yi musu ɗinki ɗaya. Amma ginin tunawa na Adamclisi a Romaniya, wanda aka yi a 109 domin yaƙoƙin Dasiya ɗin nan dai, ya nuna dakaru cikin sulken zobba da na ɓawon kifi, da kariyar ƙarfe a dantse. Kwalkwalan wannan lokaci kuma an gitta musu sanduna biyu a ka, kuma ana kyautata zaton saboda lanƙwasasshen takobin Dasiyawa ne, mai kama da lauje. Masassaƙan iyaka sun fi kusa da fagen fama, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi.

Har ila yau, kwalkwali ba ya mutuwa da mai shi. An sami wasu da aka ƙwanƙwasa sunayen mutum uku ko huɗu a kariyar ƙeyarsu, alamar sun yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu shekaru da dama. Don haka tsohon kwalkwalin Coolus a kan sulken Corbridge, a sahun da ke kwaikwayon mamayar Biritaniya ta shekara ta 43, ba laifi ba ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne sabon samfuri ya riga ƙirƙirarsa fitowa.

A cikin ƙarni na 3 sulken falle-falle ya soma ɓacewa. Dakaren ƙarni na 4 ya koma ga zobba da ɓawon kifi, da dogon takobi, da garkuwa mai siffar ƙwai. Kwalkwalinsa ɓari biyu ne aka haɗa da doro a tsakiya, irin waɗanda aka tono a Intercisa ta ƙasar Hangari.