Daga Tambarin Fada zuwa Jitar Sa'adu Bori: Kiɗa a Ƙasar Tasawa da Mayahi

A ƙasar Tasawa da Mayahi makaɗi bai taɓa zama mai zaman kansa ba. Yana da ubangida, kuma gangar da ke rataye a kafaɗarsa ita ke faɗin ko wane ne ubangidan. Duk lokacin da mai ba da kyauta ya canza, kiɗan ma sai ya sake kama.

Tasawa tsohon gari ne na ƙasar Katsina, a kan hanyar ayarin da ke saukowa daga Agadas zuwa Kano. A nan Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya yada zango a watan Janairun 1851. Tun kafin zuwansa, a 1807, Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, 'ya'yan sarautar Haɓe suka yi arewa har suka kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri a 1836. Ba dawaki da takubba kaɗai suka ɗauko ba, har da tambura da kakaki da algaita da masu su. Sarautar da ta rasa birninta ta fi kowace bukatar maroƙa, domin a bakinsu sunayen kakanni suka tsira, ɗaya bayan ɗaya, kowane da kirarinsa. Tambari kuwa ba a buga wa kowa shi. Na sarki ne, ranar naɗi ko hawan sallah ko fita yaƙi.

Talakawa ma ba a bar su a baya ba. Kalangu na mahauta ne. Makaɗi ya saƙale shi a hammata, yana matse tsirkiya yana sassautawa, muryar gangar na hawa tana sauka kamar mai magana, har mutanen gari su gane an yanka sa mai kitse tun ba su ga nama ba. Ladansa yakan fito daga naman ne. Maƙera suna da dundufa, 'yan tauri da mafarauta suna da talle. A gonakin gero na bakin Gulbin Kaba, inda goriba ta yi yawa, gangar noma ke bin sahun masu gayya. Makaɗi ya kama taken wani saurayi ya ambaci ubansa, sai ka ga ƙura ta tashi ya bar sa'o'insa a baya. Ba a nan take ake biyansa ba. Sai kaka ta yi, ya bi gida-gida ya karɓi daminsa.

Sai kuma bori, wanda ya yi ƙarfi a wannan yanki saboda gidajen sarautar Haɓe ba su raba gari da shi ba: a Maraɗi, Iya, mace daga gidan sarauta, ita ce shugabar 'yan bori. Goge da ƙwarya ne kayan aikin, kowane iska da takensa. Malamai sun daɗe suna sukarsa, kuma sukar ta ƙara tsanani bayan da Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta bazu zuwa Maraɗi.

Zuwan Nasara ya karya kasuwar makaɗan fada. Yaƙi ya ƙare, ganima ta ƙare, a 1927 kuma Faransawa suka ɗauke mazaunin mulkinsu daga Tasawa suka mayar Maraɗi. Kuɗi suka koma hannun alhazan gyaɗa, maroƙa suka bi su. Daga baya rediyon Kaduna da kaset suka shigo da muryoyin ƙetaren iyaka: Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, Musa Ɗanƙwairo, Ɗan Anace mai yi wa Shago waƙar dambe, da Mamman Shata, wanda ya fitar da kalangu daga mahauta ya kai shi ko'ina. A zamanin shugaban ƙasa Seyni Kunce gwamnati da kanta ta zama ubangida. Ƙungiyoyin samariya suka riƙa gasar waƙa da rawa, aka fara kokawar ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ci ta farko, makaɗan kokawa suka sami fili. A 1987 aka buɗe gasar kiɗa mai ɗauke da sunan makaɗi Ɗan Gurmu na Tawa.

A wannan yanayi ne Sa'adu Bori ya fito daga Maraɗi, ya ɗauki salon bori ya ɗora shi a kan jita da gangunan zamani. Faifan da suka yi da Musa Pusi a shekarun 1990, Niamey Twice, ya kai muryarsa Turai. Irin wannan ta faru da kiɗan flamenko na Andalus a kudancin Sifen, wanda shi ma gadon gida ne na mutanen da aka daɗe ana rainawa. Da mawaƙinsu Camarón ya sa kayan kiɗan lantarki a faifansa na 1979, masu riƙon gargajiya suka yi ca a kansa, amma yau ana lissafa faifan cikin manyan ayyukan fannin, kuma a 2010 UNESCO ta sa flamenko cikin kayan gadon duniya. Abin da ya taimake su shi ne sun naɗi muryoyin tsofaffinsu da wuri, don haka mai sabuntawa yana da inda zai koma. Sa'adu ya rasu a haɗarin mota a 2008, bai daɗe ba, amma ya nuna hanyar.

Yau fiyanon situdiyo da waƙoƙin fim da na siyasa ne ke cika wayoyin matasa a kasuwar Tasawa da ta Mayahi. Babu laifi, su ne masu biya yanzu. Mai son sanin tushen abin dai ya fara da Narambaɗa don ya ji nauyin waƙar fada, ya bi da Ɗan Anace da Shata, sannan ya saurari Sa'adu Bori. Amma mafi yawan masu gangar noma da goge na garuruwan yankin irin su Korgom da Urafan da Kanambakashe ba su da kaset ko ɗaya. Gidajen rediyon karkara da matasan da ke riƙe da wayoyi su je su same su, su naɗi taken kowane gida da sunan mai bugawa, tun tsofaffin suna da ƙarfin riƙe makaɗi.