Nisan Kano da Maiduguri: Daga Ayari Zuwa Jirgin Sama

Idan aka ja layi a miƙe a kan taswira daga Kano zuwa Maiduguri, za a sami kimanin kilomita 500. Wannan shi ne nisan da jirgin sama ya sani. Amma fataken da ke sauke kaya a zangon Fagge a ƙarni na 19 ba da awo suke lissafin hanyar Barno ba, da kwana suke yi. A lokacin ma Kukawa suke dosa, domin sai a 1907 aka kafa Yarwa, wato Maidugurin yau. Ayarin jakuna da takarkarai yakan share makonni kafin ya dawo da kanwa.

Jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, gabar teku ya fuskanta. Shi ya kawo baƙin da suka zauna a Sabon Gari suka raya kasuwarta, amma hanyar gabas ta zauna yadda take. Reshen Nguru bai kammala ba sai 1930, Maiduguri kuwa ba ta ga dogo ba sai 1964, shi ma ta Bauchi da Gwambe ya biyo.

Jirgin sama ya riga dogo haɗa garuruwan biyu. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na mayaƙan saman Ingila, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka a Kano daga Masar, bayan sun yada zango a Maiduguri. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu daga Hartum zuwa Kano ta wannan hanya. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, daga 1940, jiragen da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana nan suke bi zuwa Alkahira. Tafiyar makonni ta koma ta sa'o'i kaɗan.

To, amma wa aka rage wa nisan? Ba don fatake aka shata hanyar ba. Turawa sun shata ta ne don wasiƙarsu da jami'ansu da sojansu. Kano da Maiduguri wuraren shan mai ne a tsakanin mulkinsu na Nilu da na bakin teku. Ɗan kasuwar Sabon Gari, wanda jirage ke wucewa ta kan rumfarsa zuwa filin Malam Aminu Kano, har yanzu a mota bandar kifin Tafkin Cadi ke iso masa, ta Fataskum da Damaturu. Duk ramin da ke kan titin, da duk shingen da aka tsai da direba, yana cikin kuɗin da mai saye zai biya.

Saboda haka ya kamata ma'aikacin da ke tsara sufuri ya riƙe cewa nisa iri biyu ne: akwai na taswira, akwai na talaka. Wanda ya tashi daga Kano da hantsi ya yi azahar a Maiduguri, kada ya ɗauka Barno ta matso kusa ga kowa.