FairPlay

FairPlay fasaha ce ta kamfanin Apple da ke Amurka, wadda ake kulle waƙoƙi, fina-finai, littattafai da manhajoji da ita, domin kada su buɗe sai a hannun wanda ya biya kuɗinsu kuma a kan na'urar da kamfanin ya amince da ita. Tana cikin rukunin fasahohin kare haƙƙin mallaka na kayan dijital, waɗanda aka fi sani da gajeren suna DRM. Ta fara aiki a shekarar 2003 tare da shagon waƙoƙi na iTunes, daga baya ta bi iPod, iPhone, iPad da Apple TV. A Turanci sunan yana nufin yin wasa bisa adalci, kuma rabinsa na biyu shi ne kalmar da ake amfani da ita wajen kunna waƙa ko fim.

Apple ya daina kulle waƙoƙin da yake sayarwa tun shekarar 2009, amma har yanzu FairPlay na kan fina-finai, manhajojin App Store, littattafai da dama, da waƙoƙin da ake saukewa daga Apple Music. Fasahar ta jawo ƙorafe-ƙorafe daga masu saye, da shari'a a Amurka, da matsin lamba daga hukumomin Turai. Tushen gardamar shi ne ko wanda ya sayi waƙa ko fim a wayarsa ya mallake shi, ko kuwa izinin amfani kawai ya saya.

Tarihi

Apple ya fitar da manhajar iTunes a watan Janairun 2001, bayan ya sayi wata manhajar kunna waƙoƙi mai suna SoundJam MP ya gina tasa a kanta. A watan Oktoba na shekarar ya fitar da iPod. A lokacin kamfanonin waƙa suna cikin tashin hankali saboda Napster da ire-irensa, inda mutane ke musayar waƙoƙi kyauta ta intanet. Don haka manyan kamfanonin ba su yarda a sayar da waƙoƙinsu ta intanet ba sai da sharaɗin a saka musu kariya daga kwafi.

An buɗe shagon iTunes Music Store ranar 28 ga Afrilu, 2003, da waƙoƙi kusan 200,000, kowace a kan santi 99 na dalar Amurka. A makon farko an sayar da waƙoƙi miliyan ɗaya. Da farko masu kwamfutar Mac kaɗai ke iya shiga, sai a watan Oktoban 2003 aka fitar da iTunes na Windows. Shagon ya ƙara shirye-shiryen talabijin a 2005, fina-finai a 2006, hayar fina-finai a 2008, kuma dukkansu a kulle suke zuwa. Da aka buɗe App Store a watan Yulin 2008, manhajojin iPhone ma suka shiga ƙarƙashin FairPlay, haka nan littattafan iBooks daga 2010.

Yadda take aiki

Waƙar da aka kulle da FairPlay fayil ce ta tsarin sauti na AAC, kuma ana gane ta da ƙarshen suna .m4p. Sautin da ke ciki a hargitse yake ta hanyar lissafin sirri na AES, ba ya sauraruwa sai da mabuɗi. Mabuɗan iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ke buɗe sautin, yana cikin fayil ɗin kansa, amma shi ma a kulle. Na biyu shi ne mabuɗin mai saye, wanda ke buɗe na farkon, kuma yana haɗe da asusun mutum na Apple.

Idan mutum yana son sauraron abin da ya saya a wata kwamfuta, sai ya ba ta izini ta hanyar shigar da sunan asusunsa da kalmar sirri. Kwamfutar za ta aika wa Apple wata lambar shaida tata, Apple kuma ya aiko mata da mabuɗan asusun, ta adana su a ɓoye. Lokacin da aka haɗa iPod ko iPhone da kwamfutar, iTunes ne ke tura waƙoƙin tare da mabuɗansu. Saboda haka kwafin fayil ɗin zuwa katin memori, ko tura wa aboki, abu ne mai yiwuwa, sai dai ba zai yi kiɗa ba a inda babu mabuɗi.

Ƙa'idojin amfani

A farko an yarda a ba kwamfutoci uku izini a kan asusu ɗaya, a 2004 aka mayar da su biyar. Jerin waƙoƙin da ke ɗauke da waƙa mai kulle ana iya buga shi a faifan CD sau goma, daga baya aka rage zuwa bakwai. Ba a ƙayyade yawan iPod da za a iya zuba waƙar a ciki ba. Faifan CD da aka buga ba ya ɗauke da kulle, shi ya sa mutane da yawa suka riƙa buga waƙoƙinsu a faifai sannan su sake kwashe su zuwa kwamfuta a tsarin MP3, ko da yake ingancin sautin yana raguwa.

Fim ɗin haya yana da nasa wa'adin: kwana 30 kafin a fara kallo, da sa'o'i 48 bayan an fara, sannan ya ɓace daga na'urar. Tun 2014 tsarin rabawa tsakanin iyali ya ba mutum shida damar amfani da sayayyar junansu.

FairPlay da wayoyin hannu

Apple bai ba masu ƙera na'urorin kiɗa na wasu kamfanoni lasisin FairPlay ba. Wani abin da ya fita daban shi ne wayar Motorola ROKR ta 2005, wadda ke karɓar waƙoƙin iTunes amma an ƙayyade mata guda 100 kacal. Lokacin da iPhone ta fito a watan Yunin 2007, ba ta fara aiki sai an haɗa ta da kwamfuta mai iTunes. Ta nan ake zuba waƙoƙi da hotuna, ta nan ake sabunta ta, ta nan kuma ake ajiye kwafin bayananta. Wannan dogaro bai ragu ba sai a watan Oktoban 2011, da iOS 5 da iCloud suka zo.

Yawancin ƙorafin masu iPhone na wancan zamani ya taso ne daga haɗuwar kullen da kuma ƙa'idojin iTunes kansa. Waya ɗaya tana ɗaure da taskar waƙoƙin kwamfuta ɗaya. Idan aka haɗa ta da wata kwamfutar don zuba waƙoƙi, iTunes zai nemi ya goge abin da ke cikinta tukuna. Wanda kwamfutarsa ta lalace ko aka sace yana iya dawo da abin da ya saya a shagon daga wayar zuwa sabuwar kwamfuta mai izini, amma waƙoƙin da ya kwasa daga faifansa na CD iTunes ba ya mayar da su baya, sai ya nemi wata manhaja ta daban.

Lissafin kwamfutoci biyar ma ya zama matsala. Kwamfutar da ta mutu, ko aka sayar ba tare da an cire mata izini ba, tana ci gaba da cin gurbi. Mafita ita ce cire izinin dukkan kwamfutocin a lokaci guda, wanda sau ɗaya ake yarda da shi a shekara. Haka kuma na'urar da aka haɗa da wani asusu don sauke tsofaffin sayayya tana iya jiran kwana 90 kafin a haɗa ta da wani asusun.

Mafi tsanani shi ne sauya waya. Wanda ya bar iPhone ya koma Android ba ya tafiya da manhajojin da ya saya, kuma fayilolin fina-finai da littattafai masu kulle ba sa buɗewa a sabuwar wayar. A 2009 kamfanin Palm ya sa wayarsa Pre ta riƙa nuna wa iTunes cewa ita iPod ce don ta karɓi waƙoƙi marasa kulle, Apple kuma ya toshe hanyar da sabon iTunes. Sauya ƙasa ma na da nasa sakamakon: shagon kowace ƙasa yana da kayansa bisa yarjejeniyar haƙƙin mallaka, don haka wanda ya mayar da asusunsa wata ƙasa yana iya rasa damar sake sauke fim ɗin da ya biya.

Yunƙurin karya kullen

A watan Nuwamban 2003, Jon Lech Johansen, ɗan ƙasar Norway da ya yi suna wajen karya kullen faifan DVD, ya fitar da QTFairUse, wadda ke kama sautin bayan an buɗe shi. PlayFair, wadda daga baya ta koma Hymn, ta biyo baya a 2004. A 2005 Johansen da abokan aikinsa suka fitar da PyMusique, bayan sun gano cewa iTunes na kwamfutar mai saye ne ke ƙarasa kulle waƙar bayan ta sauka. Apple ya riƙa toshe waɗannan hanyoyi da sababbin fitowar iTunes.

A watan Yulin 2004 kamfanin RealNetworks ya fito da Harmony, fasahar da ke sa waƙoƙin shagonsa masu kulle su yi kiɗa a iPod. Apple ya zarge shi da bin salon masu kutse, kuma ya sabunta manhajar iPod yadda Harmony ta daina aiki.

Dokoki da shari'a

A Amurka, dokar DMCA ta 1998 ta haramta karya fasahar da ke kare kayan da ke da haƙƙin mallaka, ko da mutum da kuɗinsa ya sayi kayan. Dokar ta biyo bayan yarjejeniyar hukumar WIPO ta 1996, wadda ƙasashe da dama suka shigar da ita cikin dokokinsu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, ita ma tana da tanadin hana karya irin wannan kariya.

A watan Janairun 2005 aka shigar da ƙarar haɗin gwiwa a jihar Kalifoniya, ana zargin Apple da amfani da FairPlay wajen ɗaure masu saye ga iPod da danne abokan hamayya. Masu ƙara sun nemi diyyar dala miliyan 350, wadda doka za ta iya ninkawa sau uku. Sai a watan Disamban 2014 aka yanke hukunci a birnin Oakland, inda masu taimaka wa alƙali suka wanke Apple, suka ce fitowar iTunes 7.0 ta 2006 gyara ce ta gaskiya ga manhajar.

A Turai kuwa, Faransa ta yi muhawara a 2006 kan tilasta wa kamfanoni su sa kayansu masu kulle su yi aiki a na'urorin wasu. A watan Janairun 2007 jami'in kare haƙƙin masu saye na Norway ya bayyana cewa ɗaure waƙoƙin iTunes ga iPod ya saɓa wa dokar ƙasar.

Cire kullen daga waƙoƙi

Ranar 6 ga Fabrairu, 2007, shugaban Apple Steve Jobs ya wallafa buɗaɗɗiyar wasiƙa mai suna Thoughts on Music. Ya ce manyan kamfanoni huɗu, Universal, Sony BMG, Warner da EMI, su ne suka tilasta kullen, kuma kullen bai hana satar fasaha ba tunda su da kansu suna sayar da mafi yawan waƙoƙinsu a faifan CD ba tare da kariya ba. Ya ƙi yarda da ba wasu kamfanoni lasisin FairPlay, yana mai cewa sirrinta zai fallasa. Masu suka sun ce Apple ma ya ci ribar kullen, domin ya riƙe masa kwastomomi.

EMI ne ya fara amincewa. A watan Mayun 2007 aka fara sayar da waƙoƙinsa marasa kulle da sunan iTunes Plus, a kan dala 1.29, da ingancin sauti ninki biyu na da. A watan Satumba Amazon ya buɗe shagon MP3 marar kulle, kuma zuwa farkon 2008 dukkan kamfanonin huɗu sun shiga cikinsa. Ranar 6 ga Janairu, 2009, Apple ya sanar da cire FairPlay daga waƙoƙin shagonsa, a madadin haka kamfanonin waƙa suka sami farashi hawa uku: santi 69, santi 99 da dala 1.29. Waƙoƙin da aka riga aka saya ba su buɗe da kansu ba. Mai su sai ya ƙara santi 30 a kan kowace don samun marar kulle, daga baya kuma iTunes Match na 2011 ya ba da wata hanyar musanya su.

Halin da ake ciki

Apple Music, wanda aka ƙaddamar ranar 30 ga Yuni, 2015, ya dawo da kullen ta wata fuska: waƙoƙin da aka sauke don saurare ba tare da intanet ba suna daina kiɗa idan aka daina biyan kuɗin wata. A shekarar ce Apple ya buɗe FairPlay Streaming ga kamfanonin da ke nuna bidiyo ta intanet a kan na'urorinsa. Takwarorinta su ne Widevine na Google da PlayReady na Microsoft. A 2019 aka raba iTunes na Mac gida uku, Music, TV da Podcasts, aikin haɗa waya da kwamfuta kuma ya koma Finder.

Suka

Ƙungiyoyi irin su Electronic Frontier Foundation da Free Software Foundation suna ganin DRM tana takura wa mai gaskiya ne, domin kwafin sata ba ya ɗauke da kulle. Kayan da aka kulle ba a iya sayar da su gwanjo ko ba da aronsu kamar littafi ko faifai, kuma rayuwarsu ta rataya ne ga kamfanin da ke riƙe da mabuɗi. A 2008 MSN Music da Yahoo Music sun sanar da rufe kwamfutocin da ke ba da mabuɗan waƙoƙinsu, abin da ya tayar da ƙura har Microsoft ya ɗage nasa wa'adin. A 2009 Amazon ya goge littafin 1984 na George Orwell daga na'urorin Kindle na waɗanda suka saya, ya mayar musu da kuɗinsu. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, littattafan suka daina buɗewa, shi ma ya mayar da kuɗi.

Kamfanonin fim da masu buga littattafai suna kare kullen da cewa in babu shi ba za a iya ba da hayar fim ta intanet ko tsarin biyan wata-wata ba. A 2024 jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2025, wadda ta hana shagunan intanet kiran cinikin kayan dijital da sunan saye, sai sun fayyace wa mutum cewa lasisi ne yake biya.