TARIHIN ƘAFAFUN JIRGIN SAMA MASU NAƊEWA: DAGA MANYAN JIRAGE ZUWA ƘANANA NA RIMOT

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da filin jirgi na Ikeja ko na Abuja ya ga abin da jirgi ke yi da zarar ya bar ƙasa. Tayoyinsa su lanƙwashe su shige ciki, ƙofofi su rufe, kamar yadda shirwa ke naɗe ƙafafunta in ta lula sama. Abin ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi, shi ya sa ba mu cika ɗaukarsa a bakin komai ba. Amma masu ƙera ƙananan jiragen kwaikwayo da ake tuƙawa da rimot sun san cewa a duk jikin jirgi da wuya a sami wurin da ya kai wannan cin rai. Mutum zai shafe watanni yana aiki, ƙafa ɗaya ta ƙi fitowa lokacin sauka, aikin ya tarwatse a gaban idonsa. Yau za mu bi tarihin wannan ƙafa, mu ga yadda ta faro da kuma abin da ya sa ta daɗe ba ta zauna da gindinta ba.

DABARAR TA RIGA JIRGIN ZUWA

Abin mamaki, mutumin da ake yawan ambata a farkon wannan tarihi mai ƙera ƙananan jirage ne. Sunansa Alphonse Pénaud, mutumin Faransa. A watan Agusta na 1871 ya tashi wani ɗan jirgi a lambun Tuileries da ke birnin Faris, wanda robar da aka murɗa ke juya farfelarsa. Ya yi tafiyar kusan mita 40 cikin daƙiƙa 11. A 1876 shi da abokin aikinsa Paul Gauchot suka yi rajistar zanen wani babban jirgi mai ɗaukar mutum, kuma a cikin zanen har da ƙafafun da za su riƙa naɗewa. Ba a taɓa ƙera jirgin ba, Pénaud ya rasu a 1880 yana da shekara 30. Sai dai wani abin wasa mai tashi da aka yi bisa dabararsa ya faɗa hannun wasu yara biyu a Amurka a 1878, wato Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka tashi jirginsu a watan Disamba na 1903. Jirgin nasu ko taya ba shi da ita, a kan dogo yake tashi ya sauka a kan sanduna.

Jiragen da suka biyo baya sun sami tayoyi, amma a kafe suke. Haka jirage ukun nan na sojan saman Birtaniya, samfurin DH.9A, da suka taso daga Masar suka sauka Kano a ranar 1 ga Nuwamba 1925 suke: tayoyi biyu a waje, suna reto cikin iska tun daga tashi har sauka. A wancan lokacin ba wanda abin ya dama ƙwarai, domin jiragen ba su da gudun da zai sa a ji nauyin turjiyar iska.

LISSAFIN RIBA DA FAƊUWA

Masu tseren jirage ne suka fara gwada naɗe ƙafa da gaske. Jirgin Dayton-Wright na 1920 yana da ita, matuƙi ke juya hannun ƙarfe ya janye ta. Jirgin Verville-Sperry R-3 ma haka, kuma ya lashe gasar Pulitzer a 1924. Duk da haka yawancin kamfanoni ba su bi sahu ba, kuma ba don rashin wayo ba ne. Ƙafa mai naɗewa ta fi nauyi, ta fi tsada, tana cin wuri a cikin fiffike, sannan tana iya ƙin fitowa. Kafaffiyar ƙafa kuwa ba ta taɓa mantawa da fitowa. Shi ya sa injiniya Jack Northrop, a jiragensa Alpha da Gamma na farkon shekarun 1930, ya zaɓi ya sa wa ƙafafun wani irin wando na ƙarfe mai santsi don iska ta zame ta wuce.

Abin da ya sauya lissafin shi ne gudu. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu: in gudu ya ninka sau biyu, ita sau huɗu take ninkawa. Da injuna suka ƙara ƙarfi, sai ƙafar da ke waje ta koma babban cikas. Daga nan aka ga Boeing Monomail a 1930, Lockheed Orion a 1931, Boeing 247 a 1933, sai Douglas DC-3 a 1935, duk da ƙafafu masu janyewa.

Amma wa zai janye ta? Da farko damtsen matuƙi ne. Mai tuƙa Grumman Wildcat sai ya juya hannun ƙarfe kusan sau 30 kafin tayoyin su shige. Spitfire na farko-farko famfon hannu gare su, har ana gane sabon matuƙi da yadda jirginsa ke tangaɗi sama da ƙasa bayan tashi, domin hannu ɗaya na famfo, ɗayan na sitiyari. Amfani da matsin mai shi ne mafita, amma man ya yi ta yoyo ta gefen fistin. Wani ɗan zoben roba ne ya taimaka wajen kashe wannan matsala, wanda Niels Christensen, ɗan asalin Denmak mazaunin Amurka, ya nemi rajistarsa a 1937. Irin zoben nan ne da makanikanmu ke canzawa kullum ba tare da sun dube shi sau biyu ba. Raina kama ka ga gayya.

Kafin a shiga Yaƙin Duniya na Biyu, yawancin sababbin jiragen yaƙi sun koma naɗe ƙafa. Wasunsu ma sun ratsa samaniyarmu: daga 1940 Birtaniya ta riƙa harhaɗa jiragen Hurricane da Blenheim a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, ana tuƙa su ta Legas, Kano da Maiduguri zuwa Khartum har Alƙahira. Jiragen wannan zamani su ne har gobe masu ƙera na kwaikwayo suka fi sha'awar kwafa.

ƘANANAN JIRAGE SUN BI SAWUN MANYA

Tuƙa ƙaramin jirgi da rediyo ya kankama ne a ƙarshen shekarun 1930. Tagwayen nan na Amurka, Walter da William Good, sun yi suna da jirginsu Guff, wanda yanzu yake ajiye a gidan tarihi na Smithsonian. Na'urorin lokacin suna da nauyi, kuma da ƙyar suke iya juya wutsiyar jirgi hagu ko dama. Ba wanda ke da rarar tashar umarni da zai ɓata a kan ƙafa. Sai a shekarun 1960, da aka samu rimot mai tashoshi da yawa wanda jirgi ke bin motsin yatsa daidai gwargwado, sannan hanya ta buɗe.

A nan ne dalili ya bambanta. Babban jirgi yana naɗe ƙafa don gudu da tsimin mai. Masu gasar alkafura da ƙananan jirage su ma sun so hakan a shekarun 1970. Amma mai jirgin kwaikwayo kama yake nema. A gasar duniya ta wannan fanni, wadda aka fara a Cranfield ta Ingila a 1970, alƙalai suna duba jirgi a ƙasa su gwada shi da hotunan na ainihi, sannan su duba yadda yake tashi. Mustang da ke shawagi da ƙafafu a waje bai zama Mustang ba.

Kuma kowane jirgi da irin naɗinsa. Ƙafafun Mustang ciki suke naɗewa, wajen gangar jiki. Na Spitfire da na Messerschmitt 109 waje suke yi, wajen bakin fiffike, shi ya sa tsakanin tayoyinsu ya matse, suke da wuyar sha'ani a ƙasa, manyansu da ƙananansu. Na Corsair da P-40 baya suke yi, kuma suna juyawa kwana 90 don tayar ta kwanta a cikin fiffike. Na P-47 kuwa sai sun gajarce kafin su shiga raminsu. Duk wanda zai kwafi ɗayansu sai ya sake warware matsalar da injiniyoyin farko suka warware, a cikin wurin da bai fi tafin hannu ba.

HANYOYI UKU

Hanya ta farko ita ce ta sanda. Akwai ɗan injin lantarki da ake kira sarbo, wanda ke juyawa rabin da'ira ya ja siraran sandunan ƙarfe zuwa kowace ƙafa. Ba ta da nauyi, amma tana son saiti. In sanda ta cije, sarbo zai yi ta kokawa yana zuƙe batir, kuma sau da yawa batirin nan ne ke ciyar da na'urar karɓar umarni. Ka ga ƙafa ɗaya ta jawo asarar jirgi gaba ɗaya.

Ta biyu ita ce ta iska, wadda ta yaɗu tun shekarun 1970, kamfanoni irin su Robart da Spring Air suka yi fice a kanta. Ana cika ɗan tanki da famfo, bawul ya saki iska ta siraran tiyo zuwa fistin da ke kowace ƙafa. Tana da ƙarfi, ta dace da manyan samfura. Ciwonta shi ne yoyo, ciwon da ya addabi manyan jirage, kuma maganin bai canza ba: zoben roba mai kyau. Wasu sun ƙara hikima, iska ce ke ɗaga ƙafa, sifirin ke mayar da ita ƙasa, ta yadda ko iska ta tsiyaye ƙafar za ta fito da kanta.

Ta uku ita ce ta lantarki, wadda ta bazu daga ƙarshen shekarun 2000. Kowace ƙafa da ɗan motarta da ke juya doguwar kusa mai zare, ita kuma ta tura noti gaba ko baya. Ba tanki, ba tiyo, kuma da yawa suna yanke wuta da kansu in suka ji cijewa.

ABIN DA BAI CANZA BA

In muka duba hanyoyin nan uku za mu ga ƙarfin da ke motsa ƙafa ne kawai ya yi ta canzawa. Makullin ciki yana nan yadda yake. Mu ɗauki misali da gwiwar mutum: in ka miƙe tsaye gwiwa ta kulle, ƙashi ne ke ɗauke da nauyinka, ba tsoka ba. Haka ƙafar jirgi take. Tana juyawa ne a kan wani ɗan dunƙulen ƙarfe, kuma idan ta kai ƙarshen tafiyarta, sama ko ƙasa, wani fil yana shigewa bayan dunƙulen ya tokare shi. Dukan da ƙasa za ta yi wa taya sai ya wuce ta fil zuwa firam, bai taɓa sarbo ko fistin ba. Ƙafar da ta fito amma ba ta kulle ba daidai take da wadda ba ta fito ba.

Sai mazauninta. Mustang na ainihi faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 11, don haka wanda aka rage zuwa kashi ɗaya cikin biyar zai kai mita biyu da 'yan kai. An rage jirgi, an rage taya, amma ba wanda ya rage ciyawa da tsakuwar fili. Abin da babbar taya za ta taka ta wuce, ga ƙaramar tudu ne. Shi ya sa ƙwararru ke ɗora ƙafar a kan katako mai tauri da aka haɗe da haƙarƙarin fiffike, don dukan ya bazu. Suna kuma barin wuri guda mai rauni da gangan, kamar wayar ƙarfe da za ta lanƙwashe ko kusar roba da za ta karye, domin gara a canza waya da a sake gina fiffike. Idan ƙafar mai naɗewa baya ce, nauyin jirgi yana gusawa baya in ta shige, saboda haka ana auna daidaitonsa ne tana ciki. A ƙasa irin tamu kuma sai an ƙara da ƙurar hunturu, wadda ke shiga makulli ta hana shi rufuwa.

Daga zanen Pénaud na 1876 zuwa lokacin da ƙafa mai naɗewa ta zama ruwan dare an yi kusan shekara 60. Ba dabara aka rasa ba, jira aka yi sai gudu ya biya kuɗin nauyinta, sai kuma an sami ƙananan abubuwan da za a amince da su. Har yau jirage irin su Cessna 172 da kafaffun tayoyi suke tashi, ba wanda ya ce sun gaza.

Don haka ga matasanmu da ke ƙera jirage da soso da kwali da motar da suka ciro daga tsofaffin kaya, shawararmu ita ce ku bi tarihin yadda ya zo. Ku fara da kafaffiyar ƙafa har hannunku ya faɗa da sauka. In kun zo yin mai naɗewa, ku fara ƙera makulli kafin ku nemi abin da zai motsa shi, ku kife jirgin a kan tebur ku yi ta naɗewa da buɗewa har sai kun daina ganin cijewa ko sau ɗaya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.