Daga la'adar shanu zuwa la'adar fegi: tarihin dillancin gidaje a Maraɗi

Kalmar dillali daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma ta daɗe a bakin mutanenmu. Tun zamanin fatauci da ayari, babu kasuwar kirki da ba ta da dillalan shanu, da na dawaki, da na tufafi, da na goro. Baƙon da ya zo da kaya yakan sauka gidan fatoma, a ba shi masauki da abinci, a nemo masa mai saye, a kuma tsaya masa idan cinikin na bashi ne. Ladan wannan aiki shi ne la'ada. Amma jarin dillali na haƙiƙa sunansa ne, domin wanda ya cuci baƙo a bana, baɗi ayarin a wani gida zai sauka. Gida da fili kuwa ba a cika kai su gaban dillali ba. Mai son wurin zama wajen mai unguwa ko fada yake zuwa da gaisuwarsa, a nuna masa inda zai kafa. Ƙasa tana da yalwa, mutane ne ake nema. Yadda fili ya zama haja, da abin da wannan canji ya yi wa halin dillali, shi ne abin da za mu bi a tarihin Maraɗi.

Sarautar Katsina da ta baro birninta bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, ta yi sabon zama a kwarin Gulbin Maraɗi, kuma garin ya daɗe a nan ƙasa. A shekarar 1945 ambaliya ta rushe shi. Hukumar Turawan Faransa ta mayar da jama'a bisa tudu, ta shata tituna miƙaƙƙu, ta yanka filaye masu kusurwa huɗu. Tsofaffin unguwanni kamar Bagalam, Mokoyo, Ɗan Gulbi, Limanci da Maradawa sun hau tudun da sunayensu, amma ma'anar fili ta canza. Ya zama abu mai awo, mai iyaka, mai lamba a littafin hukuma. Dama tun 1932 akwai dokar rajistar ƙasa da Faransa ta kafa wa ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta, wadda ta tanadi takardar mallaka ta dindindin. Mutane kaɗan ne suka kai ga wannan takarda, sai dai tunaninta ya shiga gari: abin da aka auna aka rubuta, ana iya sa masa kuɗi.

Kuɗin kuwa gyaɗa ce ta fara kawo su. A shekarun 1950 da 1960 Maraɗi ta zama cibiyar cinikin gyaɗa, kuma a nan ne da yawa daga cikin ƴan kasuwar da aka sani da alhazan Maraɗi suka fara tara dukiya. Fari na 1968 zuwa 1974 ya karya gyaɗa, ya kuma kwararo mutanen karkara zuwa birni. Alhazai suka juya ga cinikin kan iyaka da Najeriya, sannan kuɗin yuraniyom na ƙarshen shekarun 1970 suka buɗe ayyukan gine-gine na gwamnati. Ƙidayar jama'a ta nuna sakamakon. Garin da ke da mutum wajen 44,000 a 1977 ya kai kimanin 110,000 a 1988, ya kai wajen 148,000 a 2001, ya wuce 267,000 a 2012. Cikin shekara 35 jama'a ta ninka sau shida. Kowane ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, kowane ɗan kasuwar da ya baro ƙauye, yana bukatar wanda ya san gidan da babu kowa da mai gidan da ke son haya. A wannan giɓi ne dillalin gidaje ya samu gindin zama.

Akwai dalili na biyu da ya sa masu hali suka riƙa zuba kuɗinsu a ƙasa, wato rashin amincewa da sauran wuraren ajiya. Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, kaya suka tsaya. Babban bankin raya ƙasa, BDRN, ya durƙushe a 1990. A watan Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi. Wanda ya ga waɗannan abubuwa uku cikin shekara goma ya koyi darasi: fegi ba ya cin ciyawa, fari ba ya kashe shi, kuma ba a rage masa daraja da sanarwar rediyo. Saboda haka masu saye suka kasu biyu, mai neman wurin kwana da mai neman wurin ajiya. Na biyun ya fi kuɗi, ba ya gaggawa, yana iya sayen filaye goma ya bar su shekara da shekaru ba gini. Shi ne ke tsayar da farashi, na farkon kuma shi ke biya.

Malaman makaranta sun shiga wannan tarihi ta hanyar da ba su zaɓa ba. A shekarun 1990 albashi ya yi ta makara har ma'aikata suka biyo gwamnati bashin watanni da dama. A farkon shekarun 2000 aka fito da tsarin biyan wani sashe na bashin da filaye. Wasu sun gina, wasu sun ajiye, amma wanda bashin ɗan kanti da kuɗin haya suka sha masa kai ya sayar da takardarsa tun bai je ya ga filin ba. Masu kuɗi a hannu suka saya da rahusa, dillalai suka yi ta kai da komo tsakani. Daga nan cinikin takarda ya zama ruwan dare: takarda ɗaya ta bi hannu uku ko huɗu, sunan mai ita na farko yana nan bai canza ba.

Wasu canje-canje biyu sun ƙara faɗaɗa kasuwar. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta amince da mallakar gona ta gargajiya, don haka manoman bakin gari suka samu abin riƙewa, kuma idan an yanka gonarsu akan ba su wani kaso na filayen, su ma su shiga sahun masu sayarwa. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, ma'aikatun magajin gari da ke fama da ƙarancin haraji suka ga cewa yanka filaye, wato lotisma, ita ce hanya mafi sauƙi ta samun kuɗi. Masu zaman kansu ma suka shiga. Buɗe jami'a a 2010 da ayyukan Maraɗi Kwalliya na bikin 18 ga Disamba 2015 sun ɗaga darajar wasu unguwanni. Birni ya yi ta cin gonaki, sau da yawa tun ruwan famfo da lantarki da magudanai ba su isa ba.

To, me ke tafiyar da dillali a irin wannan kasuwa? Ba shi da albashi, sai ciniki ya faɗa yake ci. Wannan kaɗai ya isa ya sa shi son sauri fiye da bincike. La'adarsa tana bin farashi, don haka tsada ba ta ɓata masa rai. Sau da yawa yana karɓa daga ɓangare biyu, wani lokaci kuma mai fili ya faɗi kuɗinsa, abin da ya hau kai na dillali ne, mai saye bai sani ba. Mafi muhimmanci, birkin da ke riƙe dillalin shanu ya yi rauni. Falke yana dawowa kowace shekara, amma talaka sau ɗaya yake sayen fegi a rayuwarsa, kuma aibin fegi ba ya bayyana sai ranar aza harsashi ko ranar babban ruwa. A lokacin ne ake gane cewa an sayar wa mutum biyu, ko magada ba su yarda ba, ko wurin hanyar ruwa ne. Daminar 2024, wadda ta rushe gidaje masu yawa a Maraɗi, ta kuma kayar da tsohon masallacin Birnin Damagaram, ta nuna tsadar gini a inda bai kamata ba.

Ba adalci ba ne a ɗora wa dillali laifin duka. Inda littafin filaye bai cika ba, kuma farashi ba a rubuce yake ba, shi ne littafin, shi ne jaridar. Akwai dattawan sana'ar da ke ƙin ciniki idan takarda ba ta kwanta musu ba, domin sun san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya halatta ladan dillanci, ya hana ɓoye aibi, ya hana ƙara farashi da niyyar ruɗin mai saye. Ka'idar tana nan, abin da ya ɓace shi ne idon jama'a da ke tilasta ta.

Wannan ido ne ƙungiyoyin malamai da na al'adu za su iya maidowa. Ƙungiyar da mambobinta ke sayen filaye tare ta zama abokin ciniki mai dawowa, irin wanda dillali ke tsoron ɓata wa. Tana iya neman a faɗi la'ada a fili tun farko, a duba lambar fegi a ma'aikatar magajin gari, a canza suna a takarda, a kuma je a ga wurin da damina kafin a biya, domin gani ya kori ji. Kakanninmu ba su dogara ga kirkin dillali kaɗai ba, sun tsara kasuwa yadda amana za ta fi ha'inci riba. Kasuwar fegi tana jiran irin wannan tsari.