Tarihin Dajin Yankari: Gadon da Muke Gab da Mantawa

Da yawa daga cikinmu mun taso muna jin sunan Yankari a rediyo da littafin makaranta, amma kaɗan ne suka taɓa taka ƙafa can. Shi ya sa yau muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan daji da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi.

Faɗin dajin ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,244. Mai zuwa daga Bauchi zai bi hanyar Gombe, ya ratse a Dindima, ya shiga ta ƙofar Mainamaji, sannan ya isa sansanin Wikki inda baƙi ke sauka.

Kafin ya zama gidan namun daji, wurin gidan mutane ne, kuma shaidar tana nan har yau. Akwai kogunan Marshall guda 59 da aka sassaƙa da hannu a jikin dutse, waɗanda ake kyautata zaton mutanen da sun fake cikinsu a zamanin yaƙi da farautar bayi. Akwai rijiyoyin Dukkey sama da 130, haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa. Akwai kuma kufan matoya inda maƙera suka narka tama suka fitar da ƙarfe. Wanda ya tsaya a kan waɗannan wurare zai gane cewa kakanni sun san haƙa, sun san ƙira, sun san yadda ake zama da daji.

A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe dajin don kare namun daji. Ranar 1 ga Disamba 1962 aka buɗe shi ga masu ziyara. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi. Wato cikin shekara hamsin ya yi ta sauya hannu, amma maƙwabtansa ba su sauya ba: su ne dai manoma da makiyaya da mafarautan ƙauyukan da ke kewaye.

Ran dajin shi ne kogin Gaji. Da rani, idan ciyawa ta bushe kududdufai suka ƙafe, dabbobi kan gangaro bakinsa, kuma a lokacin ne aka fi ganin giwa da ɓauna da gwanki da dorina da kada. Maɓuɓɓugar Wikki kuwa ruwanta garau yake, ɗuminsa kusan digiri 31 ne, rani da damina, dare da rana. Birai da gadu ma har cikin sansani suke yawo, don haka mai abinci a hannu sai ya kula.

To, ina matsalar? Garken giwayen Yankari yana cikin manyan da suka rage a Najeriya, zakuna kuma 'yan ƙalilan ne suka saura. Masu neman hauren giwa sun yi ɓarna a baya, shanu na kutsawa neman kiwo, ma'aikatan tsaron daji kuma wasu sun rasa rayukansu a bakin aiki. Ta ɗaya ɓangaren, dajin ba shi da shinge. Giwa kan fita ta shiga gona, ta cinye wahalar damina guda a dare ɗaya. Manomin da aka yi wa haka, da wuya ka ce masa ya so giwa idan ba ya ganin amfaninta a gidansa.

Abin da tarihin nan ke nuna mana ke nan: takardar gwamnati ce ta keɓe Yankari, amma haƙurin maƙwabta ne ke riƙe da shi. Idan suka ci moriyar baƙi ta hanyar aiki da ciniki, za su tsare shi. Idan asara kawai suke gani, doka ita kaɗai ba za ta isa ba.

Mu ma muna da rabonmu. Wanda Allah ya hore wa, ya kai yaransa da rani su ga rijiyoyin da kogunan da idonsu, ya sayi abin da ƙauyukan hanya ke sayarwa. Kada jikokinmu su san giwa a hoto kawai.

Allah ya tsare mana wannan gado, ya ba mu zaman lafiya. Amin.